Tauraron Da Ban Sa Ba

Salamu alaikum, masu leƙo wannan shafi. Na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa, "Mubina, ke yanga ce ke damunki, ana ja wa namiji irin Fahad rai?" Wata kuma ta ce in je a yi mini ruƙiyya. Na gode, Allah ya bar zumunci. Yau zan faɗa muku abin da ko mahaifiyata ban faɗa wa ba, don ya cika mini ciki, kuma a nan ba wanda ya san sunayenmu na gaskiya.

Wanda yau ya fara shigowa, ga ni. Shekarata ashirin da shida, muna zaune a Woodbridge ni da Baba da Mama. Yayana yana Kano da iyalinsa, ni kaɗai ce a gabansu. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Alexandria. Babana, Malam Kabir Maitama, ma'aikacin sashen Hausa ne a wani gidan rediyo da ke Washington. In ka taɓa kara rediyo a kunne da ƙarfe huɗu na yamma a gida, akwai yiwuwar ka ji muryarsa.

Shekara uku ke nan ciwon suga ya taɓa masa ido. Likita ya ce tsakiyar ganin ne yake tafiya, gefe-gefe yana nan. Yana tafiya ba ya tuntuɓe, yana gane mutane da murya da tsayi, amma rubutu sai an ƙara masa girma har kalma huɗu ta cika fuskar kwamfuta. Ni na kai shi asibitin, ni kaɗai na ji bayanin. Muna shiga mota ya kama hannuna.

"Uwata, wannan magana ta tsaya a motar nan."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Har Mama, Baba?"

"Musamman Mamanki. Gidan rediyo biyu ne a gidanmu, kuma nata ya fi namu nisan zango."

Na yi dariya da hawaye a fuska, na yi masa alkawari. Kada ku ga laifinsa. Duk watan Satumba ake sabunta masa kwantiragi, inshorar da ke biyan alluran idon kuma a jikin aikin take. Ga yara sababbin jini sun cika ofishin, masu karanta labari goma kafin ya gama ɗaya. Kuma ni na san Baba. Ranar da aka raba shi da makirfo, ranar zai tsufa.

Dabarar da muka yi ita ce wannan. Kullum ƙarfe tara na safe suna zama a ofis, kowa ya kawo labaran da ya tsinto daga gida, a zaɓi na shirin ranar. Baba yana da wata manhaja ta tara labarai. Ka ba ta sunayen shafukan da kake bi, jaridun Kano da Kaduna da Yamai da 'yan shafukan masu rubutu, ita ce za ta zaga ta kwaso duk sabon abu ta jera maka wuri guda. Wanda ba ka buɗe ba yana nan da baƙin rubutu mai kauri, wanda ka buɗe ya koma toka-toka. A gefen kowane labari akwai ɗan tauraro, in ka danna shi sai labarin ya shiga wani aljihu na daban. Abin da ya cece mu shi ne, abin da aka yi a waya yana fitowa a kwamfuta nan take.

Baba yana bin jirgin ƙasa na farko. Ni ina bin na baya. Daga tashar Woodbridge zuwa Alexandria kaina yana sunkuye a kan waya, ina tankaɗe labarai ɗaruruwa, ina sa tauraro a kan biyar ko shida da na tabbatar suna da nauyi kuma ba ƙanzon kurege ba ne. Shi kuma a ofis ya buɗe aljihun taurari kawai, ya ƙara girman rubutu, ya karanta a hankali, ya haddace. Yana shiga taron ya zubo su da ka, har ana cewa Malam Kabir tsohon hannu ne, ba ya duba takarda. Ban taɓa sa masa tauraro a kan ƙarya ba, shi ma bai taɓa tambayata dalili ba.

Sai ga shi a watan Maris kamfanin da ke da manhajar ya ce ranar ɗaya ga Yuli zai rufe ta. Mutanen duniya suna ta ƙorafi don za su rasa wurin karanta labarin ƙwallo da girke-girke. Ni kuwa na zauna a bakin gado na rasa ta inda zan fara.

Wata uku na yi ina gwada wasu. Ta farko kyakkyawa ce, hotuna manya kamar mujalla, amma a waya kaɗai take aiki. Na sa mata suna Amarya, ga kwalliya ba aiki. Ta biyu tana hawa kwamfuta, amma sai an ɗora wani ƙarin abu a kai, ofishin su Baba kuwa ko tsinke ba a yarda ka ɗora ba sai da izini, izinin kuma sai ka faɗi dalili. Ta uku in ka ƙara girman rubutu sai kalmomin su hau kan juna. Ta huɗu komai nata daidai, sai dai tauraron da na sa a tashar Lorton ba ya isa kwamfuta sai bayan an tashi daga taro. Wallahi har mafarkin taurari na riƙa yi.

A gefe guda kuma ga Mama.

"Mubina, wai me yaron nan ya yi miki?" Tana yanka alayyahu tana magana, wuƙar tana tafiya da sauri kamar bakin. "Jiya a walimar Upper Marlboro sai da Hajiya Kaltum ta ja ni gefe. Ta ce ko dai akwai wani ne? Na ce ina fa wani, sai waya. Yarinya ta auri waya."

"Mama, ba yanzu ba."

"Ba yanzu ba, ba yanzu ba. Azumi saura kwana nawa? In ba a zo tambaya kafin azumi ba, sai bayan Salla. Bayan Salla yaron yana ina? Malam, ka ji 'yarka ko?"

Baba yana falo da rediyo a kan ciki. Ya ce, "A bar ta, Hasiya. Komai lokaci ne."

Ban taɓa gaya masa cewa saboda shi nake jan ƙafa ba. Shi ma bai taɓa tambaya ba. Mun bar maganar a tsakaninmu, kowa yana kewaye ta.

Fahad injiniyan kwamfuta ne, yana zaune a Landover. Dogo ne, mai yawan dariya, in yana magana hannuwansa ma magana suke. Shekara biyu yana zuwa gidanmu. Ina son shi. Bari in rubuta shi a fili tunda wasunku suna shakka: ina son Fahad, son da in na ga sunansa a waya sai na gyara zama. Amma abu biyu ne suka ɗaure ni. Na ɗaya, kamfaninsu zai mayar da shi Seattle a watan Agusta, can kuwa agogonsu yana bayan namu da awa uku, lokacin da Baba yake buƙatar taurarinsa ko asuba ba ta yi ba, kuma wace amarya ce za ta riƙa sulalewa daga ɗaki kullum ba a tambaye ta ba? Na biyu ya fi muni. Wan mahaifinsa, Alhaji Khalil, wanda ya riƙe shi tun zuwansa ƙasar nan, shi ne editan su Baba. Shi yake jagorantar taron ƙarfe tara, shi yake sa hannu a watan Satumba. Fahad kuwa ba ya iya ɓoye wa Baffansa ko ciwon kai.

Da Yuni ya zo ƙarshe ban samu mafita ba, sai na yi abin da na daɗe ina gudu. Na tura masa saƙo.

"Ina neman taimako a kan manhajar labarai. Tawa za a rufe."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amso.

"Allahu akbar. Yau Mubina ta nemi taimakona. Bari in sa a kalanda."

"Ka daina wasa. Dole ta yi aiki a waya da kwamfuta lokaci guda, ba tare da an ɗora komai ba."

"An gama, ranki ya daɗe. Lahadi ina nan tafe. A ce wa Mama ina gaisuwa, kuma ina kewar masarta."

Ranar Lahadi Mama ta tashi gidan tsaye. Masa da miyar taushe, zoɓo mai citta, ga turaren wuta har sai da na'urar hayaƙi ta fara ihu, Baba ya riƙa kaɗa mata sallaya. Ta hana ni sa doguwar rigar da nake zama da ita, ta ciro mini atamfa shuɗiya mai zanen ganye wadda aka ɗinko daga Kano, da mayafi ruwan madara. Na ce Mama gyaran waya fa zai yi. Ta ce ko gyaran famfo ne.

Ya zo da kaftani ruwan toka, hula a karkace, kwamfutarsa a hammata. Ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba, barka da hutawa. Ya ƙoƙari?"

"Lafiya lau, Fahad. Ya Alhaji? Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Yau babbar hanyar ba cunkoso, sai ka ce ba ita ba."

Muka zauna a teburin cin abinci, Mama tana leƙowa daga kicin duk bayan numfashi biyu. Ya nuna mini wata manhaja da wasu mutum biyu suka haɗa, ba kwalliya, fari da baƙi kawai. Ana buɗe ta a kowace kwamfuta kamar yadda ake buɗe kowane shafi. Na ba shi kalmar sirrina, ya kwaso duk shafukan daga tsohuwar ya zuba a sabuwar. Yana gani ya saki baki.

"Mubina, duk wannan ke kaɗai? Har da farashin gero a Maraɗi?"

"'Yar ɗan jarida ce ni."

"To Allah ya ba da lada. Me kuma?"

"Ƙara girman rubutun."

Ya ƙara.

"Ƙara dai."

Ya ƙara har kalma huɗu ta cika fuskar, kuma ba wadda ta hau kan wata. Zuciyata ta yi sanyi. Ya juyo ya dube ni.

"Wannan ai na tsofaffi ne. Idonki lafiya?"

"Aikin madubin gwaji ne, wani lokaci yana gajiya."

Ƙarya ce, kuma ta fito mini sumul, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce in je a duba, na ce to.

Saura gwajin tauraro. Ya ce maimakon mu jira jarida, bari ya buɗe ɗan shafi nasa na gwaji ya haɗa da manhajar. Ya rubuta "gwaji, gwaji, masar Mama ta fi ta kowa", ya aika. Ya fito a wayata. Na danna tauraro, kafin in ɗago kai ya bayyana a kwamfutarsa. Na sake, ya sake bayyana. Ban san lokacin da na ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi ba, har Mama ta fito da ludayi a hannu tana tambaya ko an sa rana ne.

Da zai tafi na raka shi bakin mota. Ya jingina da ƙofa ya ce, "Na warware miki wannan. Ni yaushe za a warware mini tawa?"

"Fahad, ba yanzu ba."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Agusta fa ba ta jira, Mubina." Ya shiga mota ya tafi.

Ban ce ya fita daga manhajar a kwamfutarsa ba. Ban cire ɗan shafinsa na gwaji ba. Murna ta sa ko tunanin bai zo mini ba.

Da yamma na zaunar da Baba a gaban kwamfutar gida, Mama tana waya da Kano. Na kama yatsansa na nuna masa inda aljihun taurari yake. Na ce, "Baba, wannan maɓallin na sama a dama kada ka taɓa shi. A tsohuwar shi ne na gaba, a wannan kuwa yana mayar da komai an karanta." Ya ce ya ji. Litinin komai ya tafi lafiya. Ya dawo yana raha, ya ce sabuwar ma ta fi tsohuwar hankali.

Talata na sa taurarina shida, na sauka a Alexandria, na kulle wayata a akwatin ajiyata, don ba a shiga ɗakin gwaji da ita. Sai da na fito cin abincin rana na kunna. Saƙon Fahad ne a sama.

"Kin duba labaranki yau? Akwai wani mai zafi."

Na buɗe aljihun taurari. Bakwai ne. Na bakwai daga shafin gwaji yake, ga abin da ya ce:

"Labari da ɗumi-ɗuminsa daga Landover. Wani bawan Allah mai suna Fahad ya cika shekara biyu yana jin 'ba yanzu ba'. Majiya mai tushe ta ce zai koma Seattle a watan Agusta, kuma ba ya son tafiya shi kaɗai. Ya ce bai san abin da ke riƙe da yarinyar ba, amma ko mene ne a shirye yake ya ɗauka tare da ita. Har zuwa lokacin haɗa wannan rahoto ana jiran martanin ɗaya ɓangaren."

A wata rana daban da na yi dariya, da na karanta shi sau goma. Amma rubutun ba baƙi ba ne. Toka-toka ne. An riga an buɗe shi, kuma ba ni na buɗe ba.

Na ajiye cokali. Kaneng, abokiyar aikina 'yar Jos, ta ce lafiya, na ce lafiya. Ina zaune ina ganin Baba a raina, fuskarsa dab da kwamfuta, yana bin kalma huɗu-huɗu, ga teburin Alhaji Khalil a bayansa. Labari ɗaya yana cinye masa kusan minti goma. Minti goma ya yi yana karanta wannan.

Ni nake ɗauko shi a tasha da yamma. Ya fito cikin mutane da jakarsa a kafaɗa, yana bin gefen hanya yadda ya saba, ya gane motar da inda nake tsayawa kullum. Ya shiga, ya ɗaura bel. Na sa makulli.

"Dakata tukuna, Uwata."

Na dakata. Motoci suna ta fita ta gefenmu.

"Na ga tauraronki."

"Baba, wallahi ba ni na sa ba. Fahad ne ya sa daga kwamfutarsa, bai san kana gani ba. Wasa yake yi."

"Na yarda ba ke ba ce." Ya juyo wajena. "Abin da aka rubuta ƙarya ne?"

Na sunkuyar da kai.

"Shekara biyu. Haka ne?"

"Haka ne."

"Abin da ke riƙe da yarinyar, wanda bai sani ba. Ni ne?"

"Baba, ba haka ba ne, ni ce ban shirya..."

"Mubina."

Rabon da ya kira sunana tun ina makarantar sakandare. Na kifa kaina a kan sitiyari na fashe da kuka. Ya bar ni na yi. Da na lafa ya ce, muryarsa irin ta rediyo, a daidaice:

"Na sani tun tuni. Na yi kamar ban sani ba, don ya yi mini daɗi. Kullum in ce bari Satumba ta wuce. Yau yaron nan ya rubuta mini shi da manyan baƙaƙe, irin waɗanda ko ni ina gani."

"Za mu samu dabara. Daga can ma zan iya, sai in riƙa tashi..."

"Ki riƙa tashi tsakar dare a gidan mijinki kina yi wa ɗan Alhaji Khalil ƙarya? Ni na haife ki don ki zama sandata?" Ya gyara gilashinsa. "Bayan taro na shiga wurin Alhaji. Na ce masa in suna da niyya, ƙofa a buɗe take. Asabar za su zo tambaya."

"Baba!"

"Saura ɗaya. Daga gobe kada ki sake sa mini tauraro. Zan yi aikina da idon da Allah ya bar mini. In ya isa, to. In bai isa ba, gara in sani yanzu."

"Ko zuwa Satumba kawai, Baba, don Allah."

"Haka na ce bara." Ya juyo da fuskarsa gefe, yadda yake yi in yana son ya gan ni sosai. "Ban taɓa ɗora miki kalma mai nauyi ba. Yau zan ɗora. In kika sake dannawa, ban yafe ba. Tada mota."

Ku da kuka tashi a gidan Hausa kun san abin da wannan kalma take nufi. Na tada mota.

Mama kuwa da ta ji, guɗa ta rangaɗa har maƙwabcinmu Bature ya leƙo ta taga. Nan take ta hau waya. Kano, Kaduna, Upper Marlboro. A kawo goro daga shagon Landover, a nemo mai dambun nama, labulen falo ya tsufa. Ta rungume ni tana cewa, "Ashe kukan farin ciki kike ɓoyewa, 'yar nema." Na bar ta a haka.

Fahad ya kira sau uku ban ɗauka ba, sai ya turo saƙo.

"Baffa ya kira ni yanzu. Mubina, da gaske ne?"

Sai wani.

"Ashe nuna wa Baba kika yi? Kai, kin fi ni ƙarfin hali. Ni da na zaci ko amsa ba za ki ba ni ba."

Na rubuta "ba ni na nuna masa ba", na goge. In na tura, tambaya ta gaba ita ce to yaya aka yi ya gani, daga nan kuma zare ya kama warwarewa har teburin Baffansa. Na tura masa, "Allah ya sa alheri." Ya amso da amin guda bakwai. Yana can yana murna da abin da ya yi, bai san me ya yi ba, ni kuma ba ni da bakin gaya masa. Ban iya jin haushinsa ba ma, abin da ya ƙara gajiyar da ni ke nan.

Yau Laraba. Baba ya bi jirgin farko. Ni na bi nawa, na samu kujerar taga, na ce ba zan buɗe wayar ba. Kafin mu kai Lorton na buɗe.

Labarai sun cika, baƙi ƙirin, sun fi ɗari biyu. Idona ya saba, ban yi minti uku ba na gan shi: kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa a wani kogi a gida, jaridu biyu sun tabbatar, har da sunan ƙauyen. Shi ne labarin ranar, duk wanda ya shiga taro ba shi ya shiga hannu rabbana. Yana can ƙasa, an binne shi a ƙarƙashin tarkace.

Sai na ga na saman ya koma toka. Baba ya zauna ke nan. Sakamakon ƙwallo ne. Na zuba masa ido, jirgi yana tafiya, ba abin da ya motsa. Can sai na biyu ya koma toka, sanarwar taron wata ƙungiya. Muka tsaya a Springfield, mutane suka shiga, wata mata ta zauna kusa da ni da kofin kofi. Na uku ya koma toka, tallan fili. Daga sama yake bi, ɗaya bayan ɗaya, don ba ya iya hango kanun ya tsallake. Ina zaune ina kallon mahaifina yana lalube, kuma ko kusa da kogin bai yi ba.

Yatsana yana kan tauraron. Dannawa ɗaya ce. Kafin in ɗago kai zai gani, Fahad ya tabbatar mini da haka da kansa.

Tara saura kwata, sai fuskar wayar ta yi wani ƙyaftawa. Duka labaran suka koma toka, daga sama har ƙasa. Ya gaji, hannunsa ya tafi inda ya saba, ya danna maɓallin da na ce kada ya taɓa. Yanzu ko wanda ya karanta da wanda bai karanta ba ba zai iya bambancewa ba. Aljihun taurari ne kaɗai ya rage masa, kuma na san zai buɗe shi, ko don sabo. Taurarina na jiya na riga na cire su yadda na saba, babu komai a ciki sai labarin Fahad.

Matar da ke kusa da ni ta miƙo mini tishu. Na ji an kira Alexandria. Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Ban danna ba, ban kuma sauka ba.

Jirgin ya hau gadar kogi, ga Washington a gabana. Ban san me zan ce wa mai gadin ofishinsu ba, ban san me zan ce wa Baba ba in ya fito. Tara saura minti biyar, yatsana yana nan inda yake.